Ƙafafun Ɓarawon Gwaiba

Duk shekara makarantu sukan turo mini ɗalibai su yi 'yan makonni a shagona da ke bayan kasuwa a nan Dutse, wai su ga yadda ake haɗa ƙasusuwan dabbobi don darasin kimiyya. Kuma duk shekara sai an sami mai wayon cikinsu ya leƙa akwatin gilashi, ya ga ƙwarangwal ɗin tantabara tsaye a kan katako, ya zunguri ɗan'uwansa ya ce ai wannan ba wani aiki ba ne, a dafa, a saɓule naman, a manna da gam. Ba na musu da shi. Kwalin ashana nake miƙa masa, in ce ya zazzage a kan farar takarda ya jera mini ƙafa ɗaya. Abin da ke ciki bai wuce ɗan guntun tsinke da 'yan ƙwayoyi kamar na gero ba. Yakan fara da dariya, in an jima ya nemi kujera, kafin azahar kuma ya tuna ana jiransa a gida.

To ku da kuka zo bana, kafin in miƙa muku kwalin, ku ji inda ƙasusuwan suka fito. Ƙafar wani ɗan tsuntsu ce, kuma a kanta wata malama ta kusa asarar karatun shekara da shekaru. Amma sai na fara gaya muku yadda aikin yake, in ba haka ba ba za ku gane abin da ya ba mu wuya ba.

Kwaɗo ne aikina na farko. Ubangidana Mista Bitrus, mutumin Filato, shi ke kula da ɗakin gwaji na wata sakandare tun Dutse tana sabuwar hedikwatar jiha, ni kuma aka ɗauke ni shara da wanke kwalabe. Wata rana ya ajiye mini mataccen kwaɗo, ya ce ƙashinsa yake so, ya fita. Na yi irin tunaninku, na ɗora tukunya. Da ya dawo ya buɗe, ya sa cokali ya juya, ya tambaye ni ko akwai tuwon da za a ci da shi. Ranar ya gaya mini abin da nake maimaita wa kowa har yau: wuta ba ta shiga wannan sana'a. Ƙashin ƙaramar halitta in ya ji zafi sai ya tsage, bakin gaɓa ya narke, kuma a bakin gaɓa ake gane wane ne wane.

Sai ya kai ni bayan ɗakin ya buɗe wani tsohon akwatin ƙarfe. Ƙwarin fata ne a ciki, baƙaƙen nan da dillalan ƙirgi ke tsine wa. Mu kuwa su ne ma'aikatanmu. Ka feɗe tsuntsu da reza, ka rage tsoka da ɗan almakashi, ka shanya a inuwa har ya bushe, sannan ka ba su. Su cinye naman tas, su bar ƙashi fari. Sai dai suna bukatar ido, don in ka manta da su za su wuce nama su shiga jijiya, ka zo ka tarar yatsu sun watse kowanne ya kama gabansa. In babu ƙwarin, kiyashi ma suna yi: ka sa abin a gwangwani mai 'yan huji ka ajiye kusa da gidansu. Amma kada ka kuskura ka kai wa tururuwa. Su ba ci kawai suke yi ba, har guzuri suke ɗauka, ƙashin yatsa ya shige rami ka yi ta nema.

Sauran kayan aikin duk ga su a kan teburin nan, ba wanda zai burge ku: hantsaki, allura, siririyar waya, tsohon buroshin haƙori, auduga, ƙaro da nake jiƙawa da kaina, da kafur saboda asu. Abin da ba ya kan tebur shi ne haƙuri da riƙe numfashi. Mista Bitrus ya taɓa yin atishawa a kan ƙafar gwara da ya kusa gamawa. Bai yi faɗa da kowa ba, ya ɗauki hularsa ya tafi gida.

Masu sayen aikinmu iri-iri ne. Akwai malaman sakandare, da ba sa tunawa da ni sai jarrabawa ta matso, su zo a guje suna neman ƙwarangwal ɗin zomo kamar ana tsinko shi a bishiya. Akwai ɗaliban manyan makarantu. Wani mai otal ya taɓa kawo mini shaho ya ce a cusa masa auduga a kafa a falo, da na gama kuma ya ce idon bai yi fushi sosai ba. Akwai kuma masu zuwa su jira shago ya yi shiru, su matso su rage murya su tambayi kan alhudahuda ko ƙafar ungulu. Waɗannan nakan ce musu sun ɓata hanya, ba nan ba ne.

Shekarar da murar tsuntsaye ta dawo ita ce shekarar da na ga iyakata. An yi ta binne kaji a gidajen gona, rediyo na ta gargaɗi kada a taɓa mataccen tsuntsu. Makarantu suka janye aikinsu, maharban da ke kawo mini kaya suka daina biyowa ta layinmu. Mai shayin ƙofar shagona, wanda muka yi shekaru muna hira, ya ware mini kofi. Ƙarshe maƙwabta suka kai ƙara wajen mai unguwa. Mutumin kirki ne, ya zo da kansa ya ce shi ya san busasshiyar fata ba ta mura, amma hankalin jama'a ya tashi. Na fito da fatun tsuntsayen da na tara tun zamanin ubangidana, na cinna musu wuta a gabansa. Na ji zafin abin ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Ƙwarin ma yunwa ta kusa ƙarar da su, da guntun kifi na riƙa lallaɓa su.

A ƙarshen wannan shekarar Malama Rifkatu ta shigo shagona. Tana koyarwa a wata kwaleji a nan Dutse, tana kuma karatun digiri na uku a wata jami'a mai nisa. Ita ma 'yar Filato ce, kuma sunan Mista Bitrus ta ambata, wanda a lokacin ya yi ritaya ya koma gida. Ta nuna mini hoto a waya: ɗan tsuntsu mai ruwan toka, da tukku, da dogon bindi siriri, da ɗigon shuɗi a ƙeya. Na san shi sarai. Su ne masu tafiya garke-garke suna wani dogon fito, su faɗa cikin bishiya su yi ta rarrafe a rassa kamar ɓeraye. Ta ce sunansa na Turanci ma abin da yake nufi ke nan, tsuntsu ɓera, saboda rarrafen da kuma gashinsa mai laushi.

Daga nan ta buɗe jaka ta ciro 'yar kwalba, a ciki akwai wani abu kamar karyayyen tsinken ashana. Ta ce kwafi ne da aka zuba da roba, na ƙashin ƙwaurin wani tsuntsu da aka tono a cikin dutse a ƙasar Turai. Ta yi mini bayani a tsanake, ni kuma ina son irin wannan hira. Wai tsuntsun nan ba shi da dangi na kusa a duk tsuntsayen duniya. Masana sun yi ta neman inda za su jingina shi, har wajen aku an kai shi, ƙarshe suka haƙura suka ba shi nasa rukunin shi kaɗai. Iri shida suka rage, duk a Afirka, kuma gida biyu ne: masu siririn bindi, irin namu na arewa, da masu faffaɗan bindi, irin wanda ta taso tana gani a lambunan garinsu. A da, littattafai sun haɗa su gida ɗaya, sai da aka duba ƙashi da kyau aka raba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne da ta ce a da can, miliyoyin shekaru kafin yau, zuri'ar tsuntsun nan ta cika Turai, lokacin da can ke da ɗumi. Da sanyi ya shigo suka ƙare a can, sai ƙasusuwansu a duwatsu. Waɗanda suka fara tono su ma ba su gane su ba, suka laƙaba musu sunan wasu tsuntsaye daban, aka yi ta sauya musu gida. Kuma mafi yawan abin da ake samu ƙwauri ne, wato dogon ƙashin da yatsu ke rataye a jikinsa. Na tsuntsun nan daban yake da na kowa, don yana iya juya yatsunsa huɗu duk su dubi gaba, ya rataya a reshe ciki a sama.

Aikinta shi ne ta auna ƙwaurin gidajen nan biyu na ƙasarmu, da yawa, ba ɗaya ko biyu ba, don a ga iyakar bambancin da ke tsakanin 'yan gida ɗaya kafin a ce tsohon ƙashin ga gidan da ya fi kama. Na Filato ta gama da su. Na arewa ne murar tsuntsaye ta hana ta samu, shekara ta tafi a banza. Jami'a ta riga ta ƙara mata lokaci har ya ƙare, kuma malaminta ya gaya mata in zangon nan ya rufe ba ta kawo awon ba, za a soke sunanta. Ta faɗi wannan ba tare da ta canza murya ba, amma na ga yadda ta riƙe kwalbar.

Maharbana sun gudu, sai na shiga kasuwa wajen masu kayan marmari. Wata mai gwaiba ta ce in tsuntsun nan nake nema in nemi Baba Ilu na Aujara, don kullum cikin ƙorafinsa yake, har ya sa masa suna ɓarawon gwaiba. Asalinsa masunci ne daga wajen Haɗeja, da ruwa ya ja baya ya dawo Aujara ya kama lambu a bakin fadama. Na sami direban da ke ɗauko kwandunansa, na ba shi saƙo cewa wata malama baƙuwa tana son tsuntsayen nan, ko nawa aka samu.

Saƙo ya isa. Bayan 'yan kwanaki direba ya kawo kwanon samira a ɗaure da ƙyalle mai tsabta. Malama tana shagon muka buɗe. Tsuntsaye ne kuwa, an yanka, an fige, an cire kai da ƙafafu, an wanke, an barbaɗa gishiri da ɗan yaji. Direba ya ce Baba yana gaisuwa, ya ce a yi haƙuri ba yawa. Malama ta dubi kwanon ta dube ni, dariya ta ƙwace mata.

Na sake aika saƙo, na nanata wa direba har ya haddace: a bar kai, a bar ƙafafu, a kawo tsuntsu cikakke. Aka kawo cikakke. Sai dai Baba Ilu ya yi tunanin hanyar Dutse da zafin mota, ya ga bai kamata kayan baƙuwa su lalace ba, ya yi musu babbaka. Na sa hantsaki na taɓa ƙwauri ɗaya ya ruguje. Ba wanda ya tsira.

Lokaci ya ƙure, gwaiba ta kusa ƙarewa, in ta ƙare kuma tsuntsayen watsewa suke yi cikin daji. Na ce wa Malama saƙon baki ya isa haka, mu tafi da ƙafarmu. Muka hau bas da sassafe, daga Aujara muka ƙarasa a babur.

Baba Ilu dattijo ne siriri mai farin gemu, hannuwansa duk kanta irin ta masu jan raga. Ya shimfiɗa mana tabarma a gindin mangwaro, ya kawo fura, aka yi gaisuwa mai tsawo. Na lura manyan bishiyoyin gwaibarsa duk a lulluɓe suke da tsohuwar ragar kamun kifi, ya ce da ita ya zo daga gida, ita ke tsare masa amfani. Malama ta yi masa bayani da Hausarta mai kyau, cewa ba ci za ta yi ba, ƙashin ƙafa take so don karatu, kuma da yawa. Ya saurara har ta gama. Ya ce ya ji, kuma zai yi bakin ƙoƙarinsa, amma gaskiya guda ce: da tarko yake kama su, su kuwa suna da wayo, a mako bai fi ya sami 'yan kaɗan ba. Ko da ma suna kamuwa, shi ba ya yanka abin da ya wuce wanda za a ci a gidansa, don rai ne, kuma za a tambaye shi. Malama ta ce haka ne, Baba. Na ga ta sunkuyar da kai tana lissafin makonnin da suka rage mata, kuma na san lissafin bai fita ba.

Da azahar ta yi na tashi zuwa rijiya in yi alwala. Baba Ilu ya riga ni tashi, na hango shi gindin wata gwaiba yana warware wani abu daga raga da hannun hagu. Ya waiwaya wajen tabarma, ya ɓoye hannun a bayan riga, ya zagaya bayan rijiya da sauri. Sana'a ta koya mini bin layin kiyashi da ido, kuma ga layinsu nan baƙi ya nufi inda Baba ya nufa. Na bi shi. Rami ne mai ɗan faɗi, kamar wanda aka ɗebi ƙasar gini, ya jefa abin a ciki yana tura yashi da ƙafa. A gefen ramin, inda ruwan sama ya zaizaye, wasu 'yan fararen abubuwa sun leƙo. Na tsuguna na ɗauki ɗaya. Ƙwauri ne, lafiyayye, fari fat, ko ni ban iya fitar da wanda ya fi shi ba.

Na ce, "Baba, mene ne wannan?"

Ya rage murya. "Mushe ne, Malam Sabo. Raga ce ke kama su, kafin in zagayo sun mutu. Taso mu tafi, kada Malama ta gani."

Na tambaye shi tun yaushe yake zuba su a nan. Ya ce tun shekarar da ya kafa ragar, yau ɗaya, jibi biyu, ya rufe da yashi saboda wari. Na ce masa ai abin da muka zo nema ke nan. Ya dube ni kamar na zage shi.

To a nan nake so ku buɗe kunne. Saƙo biyu na aika, na ce cikakke, na ce a bar kai da ƙafafu, na faɗi komai ban da kalma ɗaya, don a garinmu ba ka aika wa dattijo cewa ya aiko maka da mushe. Bakinka ma ba zai iya ba. Malama kuwa, da na kira ta ta zo ta ga ramin, ta ce ita ma kalmar ta zo mata tun a kan tabarma, ta haɗiye, don tana gidan Musulmi kuma ba ta san yadda za a ɗauke ta ba. Mu uku duk mun san kalmar, kowa ya zagaye ta saboda kunyar ɗan'uwansa.

Baba Ilu ya fuskanci Malama.

"Malama, jahilai suna faɗin maganganu a kan abin da mutanenku ke ci. Ni ban yarda da su ba. Shi ya sa na ce ko me zan aika miki, sai wanda na yanka da hannuna. In na ɗauki mushe na miƙa miki, me na ce ke nan?"

Ta ce, "Baba, ban taɓa samun wanda ya girmama ni irin haka ba. Amma yau mushen nan shi ne karatuna. In ka yarda."

Ya shafa gemu ya ce ramin nata ne.

Tonon ramin nan shi ne aiki mafi daɗi da na yi a rayuwata. Ba a sa fartanya ba. Na karɓi rariya a cikin gida, na fito da buroshina, muka fara daga gefe. Yashin hawa-hawa yake, kowace damina ta shimfiɗa nata, kuma kowane hawa da ƙasusuwansa. Dokar ita ce ba a ja. In ka ga bakin ƙashi sai ka share kewayensa har ya kwanta a fili, ka ga ko yatsunsa na kusa, ka kwashe su tare a takarda ɗaya, don in suka gauraya da na wani ba mai raba su. Sauran yashin a tankaɗe. Akwai na gwara, akwai na kurciya, waɗannan muka ware gefe. Malama ta cire takalmi ta shiga ramin da zaninta na fita. Ta ce haka ake yi a wuraren da ake tono na dutse, ba ta taɓa zaton za ta yi shi a bayan rijiya ba. Kiyashin Aujara sun yi mana aikin shekaru kyauta, kuma ba su fasa ko gaɓa ɗaya ba.

Kwana biyu muka yi muna zuwa. A rana ta biyu da la'asar Malama ta shimfiɗa farin ƙyalle a kan tabarma ta fara jera ƙwaurin, na dama a layi, na hagu a layi. Baba Ilu ya zo ya tsuguna. Ta ciro kwafin nan na roba ta ajiye kusa da ɗaya daga cikinsu, ta ba shi gilashin ƙara girma. Ya daɗe yana dubawa, ya ce lallai 'yan'uwa ne, ga kafaɗar nan iri ɗaya. Ta gaya masa daga inda aka tono na asalin, da irin daɗewar da ya yi. Ya ce Allah ne masani, sannan ya tambaya wa ya yanka shi. Ta ce ba kowa, lokacin babu mutane, a bakin wani tafki ya mutu laka ta rufe shi.

Ya ce, "Ashe shi ma mushe ne." Ya yi ɗan murmushi. "Amma shi ajalinsa ne ya zo. Ba raga."

Daga nan ya daina kallon kwafin, ya koma kallon ƙyallen. Layi ya kai ƙarshe Malama ta fara wani, shi ma ya cika ta fara wani, har ta nemi ƙarin ƙyalle. Shi ɗai-ɗai ya san su, yau ɗaya jibi biyu, a hannun hagu, a rufe da yashi. Bai taɓa ganin su a haɗe ba. Can ya ce, ba da kowa yake ba, duk ragarsa ce ta yi wannan? Malama ta ce ai da gwaibar nan yake ciyar da iyali, ba da gangan ba ne. Ya ce haka ne. Ya tashi ya tafi yin alwala, bai dawo wajen tabarmar ba sai da muka naɗe komai.

Malama ta auna ƙasusuwanta a shagon nan, a kan teburin da kuke jingine da shi, ta kai aikin kafin zango ya rufe. Ba a soke sunanta ba, yanzu Dakta ake ce mata. Na tambaye ta ƙarshe wane gida tsohon ƙashin ya faɗa, ta yi dariya ta ce har yanzu masana na jayayya, ita dai ta ƙara musu abin da za su yi jayayyar da shi. Ta aika wa Baba Ilu da turmin yadi da goro. Ragowar ƙafafun da ba ta bukata ta bar mini.

Da gwaiba ta sake nuna, wani abokin aikinta ya kira ni daga wata jihar, ya ce ya ga abin da ta samu, shi ma yana son irinsa, cikakkun ƙwarangwal, ko nawa ne. Bayan wahalar da na sha a shekarar mura, wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, na san inda ake samu. A cikin bas ina ta tsara yadda za mu yi da Baba Ilu: ya daina rufewa da yashi, in ba shi gwangwanaye masu huji, duk wanda raga ta kama ya sa a ciki, direba ya riƙa kawo mini.

Tun daga bakin shinge na ji ƙarar gwangwani. Babu raga a kan bishiya ko ɗaya. An ja igiyoyi daga reshe zuwa reshe, an rataya gwangwanayen madara da tsakuwa a ciki, duk igiyoyin sun haɗu a gindin mangwaro, inda Baba Ilu ke zaune da bakinsu a hannu. In garken ya sauka ya ja, su tashi, su yi kewaye ɗaya su dawo. Ga su nan a rataye ciki a sama, suna ci hankali kwance. Ƙasan bishiyoyin duk gwaiba ce mai huji. Bayan rijiya kuwa an cike ramin an daddale.

Muka gaisa. Ya ce tun fitowar rana yake nan, sai ta faɗi yake tashi, kuma duk da haka kusan rabin amfanin bana nasu ne. Ragar ya aika wa ƙanensa a Haɗeja, can ne wurinta. Na zauna da gwangwanayena a jaka, na rasa ta inda zan fara, amma dai na gaya masa abin da ya kawo ni, don aiki aiki ne. Ya saurare ni yadda ya saurari Malama, har na gama. Sannan ya zaɓo gwaiba ɗaya daga ƙasa, ya sa wuƙa ya yanke inda baki ya taɓa, ya miƙo mini sauran.

Ya ce, "Ka ba mutumin haƙuri, Malam Sabo. Ka kuma gaya wa Malama na gode. In an zo tonon lambun nan bayan irin shekarun da ta faɗa, ba na so a sami ƙari a kan wanda ta kwashe."

Garken ya sake sauka a gwaibar da ke kusa da mu. Ya gyara zama, ya ja igiya.